Jefa Anka a Ruwan Kadoji: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A yawancin tekunan ƙasashe masu zafi, matuƙin jirgin ruwa mai filafilai yana da wata al'ada da ba ya ƙetarewa. Da zarar ya jefa anka, sai ya sanya gilashin ninkaya ya faɗa ruwa, ya bi sarƙa har ƙasa, ya ga da idonsa cewa ƙarfen ya nutse cikin yashi, sannan ya hau jirgi ya kwanta hankali kwance. A gaɓar arewacin Ostireliya, tun daga Broome ta yamma, a bi ta Darwin, a zagayo tsinin Cape York har a gangaro Kogin Boyne kusa da Gladstone, wannan al'ada ba ta yiwuwa. Ruwan na kada ne, kuma kadan da ya fi kowane girma a duniya.

Mutumin da ke zaune a saman babban jirgi mai tsayin baki da wuya kada ya kai gare shi. Abin da ke jawo ajali shi ne kuskuren da zai tilasta wa mutum sauka: anka ta maƙale, igiya ta naɗe farfela, jirgi ya zauna a taɓo, ko kwalekwale ya yi nisa da gaɓa. Don haka duk ilimin tsayar da jirgi a wannan yanki yana komawa ga tambaya guda: wannan shawarar da zan yanke yanzu, za ta sa wani daga cikinmu ya tsoma ƙafa a ruwa nan da sa'o'i shida?

Wane irin kada ne wannan?

Wanda ya san kadojin Kogin Kwara ko na Tafkin Chadi kada ya auna wannan da su. Jinsinsu daban, kuma wannan ya fi su girma da zafin rai. Namijin kadan ruwan gishiri yana iya wuce mita 5, wasu sukan kai mita 6, nauyinsu ya doshi tan guda. Lolong, wanda aka kama a Filifin a 2011, tsawonsa mita 6.17 ne. A harshensa akwai wasu ƙwayoyin halitta masu fitar da gishirin da ya yi wa jikinsa yawa, shi ya sa yake iya zama a teku, da bakin kogi, da fadamar ruwan daɗi mai nisan ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. Yana iya nutsewa ya yi shiru fiye da sa'a guda. A fatar muƙamuƙinsa akwai ɗigo-ɗigo masu jin motsin ruwa komai ƙanƙantarsa, ko cikin duhu, ko cikin ruwa mai laka.

An kusa ƙarar da su da harbi saboda fata bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jihar Yammacin Ostireliya ta hana farautarsu a 1970, Yankin Arewa a 1971, Queensland a 1974. A lokacin da aka kafa dokar a Yankin Arewa an ƙiyasta saura kusan 3,000. Yau ana maganar kimanin 100,000. Queensland na da tsakanin 20,000 zuwa 30,000. Ma'anar wannan ga matuƙi ita ce, tsohon littafin jagora da aka rubuta shekaru arba'in da suka wuce, wanda ya ce ana wanka a wani lungu, ba abin dogaro ba ne. Jaririn kadan da aka ƙyanƙyashe a shekarar da aka buga littafin, yau ƙato ne mai iko da wannan lungun.

Wasu matuƙa suna ɗauka cewa in sun yi nisa da bakin kogi, suka tsaya a tsibiri mai farin yashi da ruwa garau, sun tsira. Binciken da masana na Jami'ar Queensland suka wallafa a 2010 ya rushe wannan zato. Sun gano cewa kadoji suna jiran ruwa ya juya ta inda suke so, sai su bi shi. In ya juyo musu, su fake a gaɓa ko su kwanta a ƙasa har ya sake dawowa. Wani namiji da ke ɗauke da na'urar bin sawu ya yi tafiyar kilomita 590 cikin kwana 25. Tsibiri dai ba katanga ba ne. Haɗarin ya ragu a can, amma bai kau ba.

Akwai kuma ɗan'uwansa na ruwan daɗi, siriri mai dogon baki, wanda ba ya wuce mita 3 kuma ba ya farautar mutum. Ganin sa a wuri ba shaida ba ce cewa babban ba ya nan.

Cikar teku da janyewarta

Kafin a yi maganar anka sai an yi maganar ruwan da kansa, domin a wannan gaɓa shi ne mai yanke hukunci. Teku tana cika ta janye sau biyu a kwana a yawancin yankin, kowace tafiya sa'o'i shida da 'yan mintuna. A Cairns bambancin cika da janyewa kusan mita 3 ne. A Darwin yana kusantar mita 8. A Derby, cikin yankin Kimberley, yana wuce mita 11, yana cikin mafi girma a duniya. Bambancin ya fi tsanani kwana ɗaya ko biyu bayan wata ya ɓuya da kuma bayan daren sha huɗu. Ya fi sauƙi wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu. Wanda ya saba da lissafin wata ya riga ya riƙe rabin ilimin.

Ruwan ba ya hawa daidai-wa-daida. Matuƙa suna raba bambancin gida goma sha biyu: sa'a ta farko kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. A wurin da bambancin ya kai mita 9, cikin sa'a ta uku kaɗai ruwa zai hau ko ya sauka mita 2 da kwata. Fiye da tsayin mutum ke nan, cikin sa'a guda. A gaɓa mai shimfiɗe, wannan na nufin bakin ruwa zai gudu ɗaruruwan mitoci, ya bar taɓo mai kama ƙafa har gwiwa.

Ka ɗauka ka iso wani lungu da la'asar, teku a cike, na'urar auna zurfi ta nuna mita 10. Wuri ya yi kyau, iska ba ta shiga. Amma in bambancin ranar mita 9 ne, cikin dare mita 1 zai rage, alhali jirginka na bukatar mita 2 kafin ya yi iyo. Zai zauna a kan ƙashin gindinsa, ya karkata, bakinsa ya kusanci taɓo. Tsayin da ke kare ka daga kada ya tafi, kuma ba abin da za ka iya yi sai jiran teku ta sake hawa. A ganina wannan shi ne kuskure mafi muni da baƙo ke yi a Kimberley, kuma ba ƙarfi ko tsadar kaya ke maganinsa ba, takardar jadawalin cika da janyewa ce da fensir.

Taswirar teku ma ba a sakar mata jiki. Wasu sassan gaɓar Kimberley har yanzu an rubuta a taswira cewa ba a auna su sosai ba. Phillip Parker King ne ya zagaya gaɓar tsakanin 1818 da 1822. A Careening Bay har yau akwai wata kuka da mutanensa suka sassaƙa wa sunan jirginsu da shekarar 1820, lokacin da suka ja shi kan yashi don gyara. Tun daga zamaninsa an ƙara aiki mai yawa, amma yashin bakin koguna irin su Berkeley da King George yana ƙaura daga damina zuwa damina, kuma ba a shiga sai teku na hawa, domin in ka taɓa ƙasa ruwan da ke tafe ya ɗaga ka.

Lissafin sarƙa

Anka ba da nauyinta take riƙe jirgi ba. Tana aiki ne kamar garma: in an ja ta a kwance sai ta ƙara nutsewa cikin ƙasa, in an ja ta sama sai ta tumɓuke. Aikin doguwar sarƙa shi ne ta sa jan ya zo mata a kwance. Abin da aka saba shi ne sarƙa ninki 4 zuwa 5 na zurfin ruwa, igiya kuwa ninki 7, a ƙara in iska ta yi ƙarfi. Zurfin da ake lissafi da shi ba wanda kake gani yanzu ba ne. Zurfin lokacin cikar teku ne, a haɗa da tsayin goshin jirgi daga ruwa.

Ga misali. Ka tsaya lokacin janyewa a zurfin mita 4, goshin jirgi mita 1 da rabi. In ka yi lissafi da wannan kaɗai, za ka saki sarƙa mita 27 da rabi, ka ce ninki biyar ne. Teku ta hau mita 9. Yanzu tsayin ya zama mita 14 da rabi, sarƙarka ba ta kai ninki biyu ba, ankar na gab da ɗagowa, kuma a daidai lokacin ruwa yake gudu da ƙarfi. Abin da ya kamata ka saki tun farko shi ne kusan mita 73.

Sai dai doguwar sarƙa tana da nata haraji. Idan teku ta janye, wannan mita 73 za ta shimfiɗe kusan gaba ɗaya, jirgi mai tsawon mita 12 zai iya zagaya da'ira mai faɗin kusan mita 170. Duk abin da ke cikin da'irar nan, dutse ne, tudun yashi ne, bakin taɓo ne, sai jirgin ya ziyarce shi kafin gari ya waye, domin ruwa yana juya alkibla sau huɗu a kwana. Shi ya sa ƙaramin rafi mai daɗin kallo, wanda itatuwa suka yi wa inuwa dama da hagu, sau da yawa ba wurin kwana ba ne. Wasu suna jefa anka biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasan ruwa, su haɗa su a goshi don rage da'irar. Dabara ce mai aiki, amma sarƙoƙin sukan murɗe juna, kuma warware su aiki ne da ake yi a sunkuye a kan ruwa. Ni na fi ganin hikima a neman wuri mai faɗi a yi amfani da anka ɗaya mai nauyi.

Juyawar ruwan nan ita ce ke bambanta anka mai kyau da ta banza. Kowace juyawa tana jan ƙarfen ta baya, ko ya juya cikin ƙasa ya ci gaba da riƙo, ko ya fito ya sake kamawa da kansa. Tsohuwar CQR, wadda masanin lissafi Geoffrey Taylor ya ƙirƙiro a 1933, ta yi wa duniya aiki, amma takan kwanta a gefe ta yi ta jan ciki a ƙasa mai tauri. Danforth tana riƙo da kyau a taɓo matuƙar jan bai sauya alkibla ba, in ya sauya tana iya fitowa ta ƙi komawa. Sababbin ƙira irin su Rocna, Manson Supreme da Spade sun fi saurin sake kamawa, shi ya sa suka yawaita a goshin jiragen da ke bin wannan gaɓa. A ɗaura wa sarƙa guntuwar igiyar nailan mai miƙewa don ta shanye fizga, kada nauyin ya faɗa kan injin naɗe sarƙa.

Inda ake tsayawa

Ƙasa mai yashi ko taɓo mai ɗan tauri ita ake nema. Duwatsu da murjani suna cin sarƙa, kuma a cikin gandun Great Barrier Reef akwai wuraren da aka haramta jefa anka gaba ɗaya don kare murjanin. Cikin koguna kuwa, abin tsoro shi ne gungumen itatuwan da ambaliyar damina ta binne a ƙasa.

Ta fuskar kada, nisa da gaɓa alheri ne. Kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin taɓon bakin teku, masu saiwoyi a waje, shi ne gidansa. Bakin ƙananan rafuffuka wurin kwantonsa ne, domin nan kifi ke fitowa idan ruwa na janyewa. In ka ga santsin taɓo mai faɗi ya gangaro daga gaɓa zuwa ruwa, da sawun ƙafafu a gefe da gefe, to hanyar saukarsa ce, kuma faɗinta na gaya maka girman mai ita. A guji tsayawa ƙarƙashin rassan da suka miƙo kan ruwa, musamman inda jemagu ke kwana. A guji kusa da wurin da masunta ke saukar da jirage ko fiɗar kifi.

Kuma a tuna yawancin wannan gaɓa ƙasar 'yan asalin nahiyar ce. Sauka a Arnhem Land sai da izini, haka ma sassan Kimberley da ke hannun al'ummomin Wunambal Gaambera da Dambimangari. Masu gadin dajinsu sun fi kowa sanin wane kada ne ke riƙe da wane lungu, kuma tambayarsu ba ta rage wa matuƙi daraja.

Tabbatar da riƙo ba tare da an gani ba

Tunda ido ba zai sauka ba, sai a yi aiki da inji da hannu. A fuskanci ruwa ko iska, a tsayar da jirgi cak, a sauke anka har ta taɓa ƙasa, sannan a riƙa sakin sarƙa a hankali jirgi na ja da baya, kada ta taru a kan ankar. In an saki adadin da ake so, a sa inji baya, a ƙara wuta sannu-sannu, a riƙe na ɗan lokaci. Mutum ya ɗora hannu a kan sarƙa daga cikin jirgi: in tana karkarwa tana tsalle, ankar na jan ciki, in ta miƙe ta yi shiru, ta kama. A daidaita abubuwa biyu a tudu, itace da dutsen da ke bayansa, a ga ko suna rabuwa. A kunna ƙararrawar GPS, da ta na'urar zurfi. Wanda ya san aikinsa yakan farka a juyawar ruwa ta farko ya duba, domin ita ce jarrabawar gaskiya.

Da dare dokar teku ta duniya ta 1972 ta wajabta farar fitila mai haska kowace kusurwa ga jirgin da ke kan anka, da rana kuma baƙar ƙwallo a gaba.

Idan anka ta maƙale

A nan ne zuciya ke yi wa mutum huɗuba. Ruwan mita 4 ne kawai, minti biyu zai isa, tun safe ba a ga kada ba. Kadan da ba a gani ba shi ne abin tsoro, domin wanda ke farauta ba ya nuna kansa.

Akwai hanyoyi da dama kafin a yanke ƙauna. A matso da jirgi har sarƙa ta miƙe tsaye, a ɗaure ta a turken goshi, a tura gaba a hankali don jan ankar ta bayanta. A zagaya ta daga kusurwoyi daban-daban. A zura zobe ko guntuwar sarƙa a jikin babbar, a bar shi ya gangara har wuyan ankar, a ja daga ɗaya ɓangaren. Ana iya ɗaure sarƙa tamau lokacin janyewa a bar hawan teku ya yi aikin, amma da mutum a tsaye a kai, domin inda ruwa ke hawa mita 2 a sa'a, in ankar ta ƙi, goshin jirgi ne zai nutse ko turke ya karye. Inda ake zargin gungume, tun farko a ɗaura siririyar igiya a ƙeyar anka. Wasu suna haɗa ta da ƙwallo mai yawo a sama, sai dai kadoji sukan tauna irin waɗannan ƙwallaye, kuma ɗauko ta na bukatar sanda mai ƙugiya, ba hannu ba.

In duk sun gaza, a saki sarƙar a tafi. Saboda wannan ranar ne ake ɗaure ƙarshen sarƙa da igiyar da wuƙa za ta iya yankewa, ake kuma ɗaukar anka ta biyu da ta uku. Kuɗin anka da sarƙa yana da zafi, amma ana sayen wasu a Darwin ko Cairns.

Haka hukuncin yake in igiyar tarkon ƙaguwa ta naɗe farfela. Jirgin filafilai yana da iska, sai ya yi amfani da ita. A leƙa ƙasa da kyamara a kan sanda, a gwada wuƙa a kan sanda, in ya ƙi a nufi tashar da za a ɗaga jirgin.

Kwalekwale

Babban jirgi yana tsaye nesa da gaɓa, don haka ba makawa sai an hau ƙaramin kwalekwale mai inji in za a sauka tudu, ko ɗebo ruwan sha, ko kamun kifi. Mafi yawan labaran baƙin ciki daga nan suke farawa.

Tsakanin 1974 da 1979 wani kada mai mita 5.1, da aka laƙaba wa suna Sweetheart, ya addabi masunta a Kogin Finniss kudu maso yammacin Darwin, yana kai wa kwalekwale da injinansu hari yana kifar da su. Bai kashe kowa ba. Ya mutu a hannun masu kama shi a 1979, gawarsa na gidan tarihi na Darwin har yau, kuma duk mai shirin bin wannan gaɓa ya kamata ya je ya tsaya kusa da ita ya gwada tsawonta da na kwalekwalensa. A 1985 kada ya kai wa malamar falsafa Val Plumwood hari tana cikin siririn kwalekwale a Kogin East Alligator, ya juya ta cikin ruwa har sau uku, ta tsira da munanan raunuka. A 2014 an fizge wani dattijo daga cikin jirginsa na kamun kifi a gandun Kakadu, iyalinsa na kallo. A Fabrairun 2021 wani matuƙi ɗan shekara 69 ya bar babban jirginsa a kan anka kusa da Tsibirin Hinchinbrook, ya shiga wani rafi da ƙaramin kwalekwale don kamun kifi. An tsinci kwalekwalen a kife, aka sami ragowar jikinsa a cikin kada mai fiye da mita 4.

Hukumomin Queensland suna faɗa a fili cewa iyakar ƙanƙantar jirgi, iyakar girman haɗari. Kwalekwalen roba mai hurawa, wanda matuƙan duniya suka fi so saboda sauƙinsa, a nan rauni ne: haƙori ɗaya ya isa ya sace masa iska, kuma ana zama ne a kan bakinsa, baya na kallon ruwa. Na alminiyam mai tsayin baki ya fi. A zauna a tsakiya. Hannu, gwiwar hannu da ƙafa duk su kasance ciki. Kifi da koma mai sanda ake ɗauko shi, ba a sunkuya.

Sauka tudu kuwa lissafin cikar teku ne ya sake dawowa. Ka ja kwalekwale kan yashi ka tafi kallon magangarar ruwa na sa'o'i biyu. In teku na janyewa, za ka dawo ka tarar da shi a busasshiyar ƙasa, tsakaninsa da ruwa taɓo ne mai nisa, sai ka ja shi kana nutsewa, a sunkuye, a hankali, kana nufar bakin ruwa. In tana hawa, za ka tarar da shi yana lilo a kan ankarsa mita 30 daga inda kake tsaye, ruwa ya raba ku. Na biyun ya fi muni, domin yana kiran mutum ya yi iyo. Maganin shi ne a bar mutum ɗaya a ciki ya riƙa bin ruwa, ko a ɗaura doguwar igiya daga kwalekwalen zuwa wani itace can sama da iyakar cika, yadda za a jawo shi daga tudu. A tafi da ruwan sha, da rediyon hannu, da abin kunna wuta, domin in lissafi ya ɓaci a iya zama jiran sa'o'i shida ba tare da an matsu ba. Hukumomi suna ba da shawarar a tsaya aƙalla mita 5 daga bakin ruwa, in kuwa kwana za a yi a tudu, mita 50.

Magangarun ruwan daɗi na Kimberley suna da jan hankali, balle ga wanda ya yi mako cikin zafi da gishiri. A Maris na 1987 Ginger Meadows, 'yar Amurka mai shekara 24, ta shiga ruwa a gindin King Cascade a Kogin Prince Regent, daga wani jirgin shaƙatawa, kada ya kashe ta. Tafkin da ke gindin magangara, wanda teku ke kaiwa, na kada ne. Wanka sai a can sama, inda aka hau duwatsu masu tsayi, kuma sai wurin da masu ƙasar suka tabbatar.

Sabo

Kada yana lura, yana kuma riƙe abin da ya gani. In kullum da magariba ana wanke kwanuka a matattakalar bayan jirgi, ko ana sauka a lungu ɗaya a lokaci ɗaya, zai koyi jadawalin, ya matso kaɗan-kaɗan har ranar da zai yi kwanto a wurin. Mutum ma yana sabawa: kwana na farko yana kaffa-kaffa, kwana na biyar yana wanke ƙafa a ruwa. Sabo turken wawa. A sauya wurin sauka da lokacinsa, a ɗebi ruwa da guga mai igiya daga sama, kada a daɗe a lungu ɗaya in an ga kada ya fara raɓar jirgi.

Zubar da hanjin kifi da ragowar abinci a inda aka tsaya gayyata ce. Wanda ya yi hakan ya tafi, ya bar wa jirgin da zai zo bayansa kadan da ya koyi cewa jirgi na nufin abinci. Wannan zalunci ne ga mutumin da ba ka sani ba, kuma zalunci ne ga dabbar, domin ƙarshenta tarko ko harsashi. Ciyar da kada a daji laifi ne a Queensland, kuma a 2024 jihar ta ƙara tsaurara hukuncin. A tara sharar kifi a zubar can cikin teku ana tafiya.

Dare, yara da karnuka

Kada ya fi farauta daga magariba zuwa wayewar gari. Kafin rana ta faɗi a gama zirga-zirga, a ɗaga kwalekwale sama, a janye tsani, a rufe ƙofar baya. Jiragen zamani masu faffaɗar matattakala dab da ruwa suna bukatar kulawa ta musamman, domin kada na iya cilla rabin jikinsa sama da ƙarfin wutsiya, kamar yadda masu yawon buɗe ido ke gani a Kogin Adelaide. Fitila mai haska ruwa tana tara kifi, kifi na jawo mai cin sa. In ka haska tocila ka ga jajayen ɗigo biyu, idanunsa ne. Bukata a yi ta a ban-ɗakin jirgi. Tsayawa a bakin jirgi cikin duhu da magagin barci ya jefa mutane da yawa cikin teku ko a inda babu kada. Yaro kada ya fita daga ido, kare kuwa haushinsa da fantsamarsa kiran kada ne.

Lokacin shekara

Ana bin wannan gaɓa ne a rani, daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin iskar kudu maso gabas. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwar teku ne, kuma shi ne lokacin da kadoji ke barbara da yin sheƙa. Mace na saka ƙwai kimanin 50 cikin tulin ciyawa da laka, ta yi gadinsu kusan wata uku, maza kuma suna faɗa kan iyaka. Tsohuwar dabarar matuƙa ta ɓuya daga guguwa ita ce a kutsa can cikin rafin kurmi a ɗaure jirgi da itatuwa ta kowane gefe, wato a shiga ɗakin kada a lokacin da ya fi fushi. Wanda zai iya barin yankin ko ya sami gurbi a tashar Darwin mai ƙofar rufe ruwa kafin Nuwamba, ya yi hakan.

In abin ya faru

Wanda kada ya kama ya yi faɗa da duk abin da ke hannunsa, ya nufi ido da hanci. Akwai waɗanda suka tsira ta haka. Waɗanda ke cikin jirgi kada su bi shi cikin ruwa, su yi amfani da sanda, da inji, da igiya. In an fito da shi, tsayar da jini ne farko: a danne raunin da ƙarfi, in hannu ne ko ƙafa kuma jini ya ƙi tsayawa a ɗaure sama da raunin tamau, a rubuta lokacin. Bakin kada cike yake da ƙwayoyin cuta, ko ƙaramin cizo sai an kai asibiti.

Asibitin kuwa na iya kasancewa tafiyar kwanaki. A yawancin gaɓar Kimberley da Arnhem Land wayar salula ba ta kamawa, rediyon VHF a tasha ta 16 ba ya wuce inda ido ke kaiwa sai kaɗan. Wayar tauraron ɗan'adam da na'urar kiran ceto ta EPIRB su ne ke kawo jirgin sama. Ka ajiye babbar EPIRB a jirgi, ka sa ƙarama ta aljihu a jakar da ke bin kwalekwale kullum, kuma kafin ka bar tashar ka yi musu rajista da hukumar kiyaye haɗurran teku ta Ostireliya, AMSA. Rajistar kyauta ce, ana sabunta ta duk shekara biyu.